Farantin Jos da Motar Bappa Buba

Ajiye wayar nan tukuna, Nura. Na ga abin da ka nuna mini. Wani Bature mai gemu ya zare inji ya dasa wani cikin minti goma sha biyu, yana ta fara'a, rigarsa ko ɗigon baƙin mai babu. Shi ne kai ma za ka shiga gida ranar Asabar ka kwance injin tsohuwar motar kakanku, Lahadi da la'asar ku zaga gari ana ɗaukarku hoto. To, Allah ya ba da sa'a. Amma tunda garejina kuka zo aron sarƙa, kai da 'yan uwanka, sai ku biya ni da kunne. Ku jawo bencin can ku zauna.

Ni a hannun Oga Yakubu na koyi aikin nan, wani Batangale da ya koyo kanikanci a soja. Shekara shida na yi a ƙarƙashinsa. Shekarar farko ban taɓa inji ba, notuna kawai nake wankewa da kananzir a cikin tasa. Idan na gama sai ya ɗaure mini ido da tsumma, ya sa mini noti a tafin hannu, ya ce in lalubo sufanar da za ta kama shi. In na ɗauko daidai ya yi shiru. In na kuskure, ƙeyata ta ji. Ya kan ce rabin notunan mota ba a ganinsu, a bayan inji suke inda ido ba ya kaiwa, don haka yatsa ne makanike, ido ɗan rakiya ne. A lokacin duk motocin da ke garin nan na Ingila ne, kuma sufanunmu na inci ne: rabin inci, tara bisa sha shida, biyar bisa takwas. Na haddace su kamar sunayen 'yan gidanmu. Da Oga ya yaye ni, ya ba ni saitin sufanu guda da sarƙar ɗaga inji, wannan ɗin dai da kuka zo aro.

Ku kuna jin labarin zamanin kuɗin fetur kamar kowa ya warke a cikinsa. Ni ita ce shekarata mafi muni. An riga an koma tuƙin hannun dama, motocin da ke da sitiyari a dama suka zama abin gudu. Sai kuma aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas, wato cikon watannin baya. Wallahi masinjan ofis ma sai da ya hau sabon babur. Akawu da malamin makaranta kowa ya je ya fito da sabuwar mota 'yar Faransa ko 'yar Japan, tana ƙamshin leda. Wa zai kawo maka gyara? Sabuwar mota ba ta ciwo, kuma ko ta yi, notunanta na milimita ne, sufanuna suna zamewa a kansu suna cinye musu kai. Sai in wuni a bakin gareji ina korar ƙuda. Abokan aikina biyu suka jefar da sufana suka koma kwangilar yashi.

Ina zaune haka wata safiya, damina tana ja da baya, sai ga wata mata ta tsaya a bakin rumfa da laima. Malamar makaranta ce, Adda Hajara. Ta ce, "Kai ne Hamisu na Oga Yakubu? Babana ke kira. A Shamaki muke. Ya ce ka taho da sufanun inci."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta tashe ni. Wata nawa ban ji wanda ya nemi sufanar inci ba.

A tsakar gidan, ƙarƙashin wata tsamiya, na tarar da mota an ɗora ta a kan duwatsu an lulluɓe da tamfol. Mai gidan, Bappa Buba, dogon Bafulatani ne siriri, ya haura saba'in. Shi ya yaye tamfol ɗin da hannunsa. Baƙar mota ce 'yar Ingila, mai ƙugu, mai manyan fitilu, kujerunta na fata, gaban direba katako ne mai sheƙi. Ko ƙura babu. Ashe duk Juma'a yake goge ta, shekara goma sha wani abu, ita kuwa ko tari ba ta yi.

Bappa direban wani Bature ne mai kula da cinikin auduga. Da motar nan suka zaga kasuwannin Kumo da Deba da Dukku shekara da shekaru. Da aka sami 'yancin kai Baturen zai koma gida, sai ya bar masa ita. Ranar da zai kawo ta, ya aika wa matarsa, Dada, cewa ta shirya, zai kai ta gaida danginta a gidan baya, kujerar da Bature yake zama. Ba ta taɓa shiga motar ba, don motar aiki ce. Ta yi lalle, ta ɗaura sabon zane. Yana karyo kwanar layinsu inji ya buga. Da turi aka shigo da ita gida.

Na sa handul na gwada juya injin, ko gezau. Na kwance kai, na sauke kaskon mai, na ga ɓarna. Sandar fistin ɗaya ta karye ta huda cikin injin, ramin har hannuna yana shiga. Na ce, "Bappa, wannan ba ciwo ba ne, gawa ce."

Ya ce, "Na sani, ɗana. Ni na ji faɗuwarta. Ba don ka tashi matacce na kira ka ba. Wani inji nake so ka sa mata."

Sannan ya gaya mini abin da ya sa yanzu. An kai shi asibitin ido a Kano. Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a kankare, jijiyar ce ke mutuwa, kuma in ya ga ruwan farko na baɗi da idonsa to ya gode wa Allah. Ya ce, "Ina so in tuƙa ta da hannuna, da tsohuwar nan a baya, ko da sau ɗaya ne, tun ina ganin hanya. Za ka iya?"

Na ce wata biyu ya ishe ni. Da bakin nan nawa na faɗa, irin yadda kai ma ka ce Asabar da Lahadi.

Samun inji bai yi wuya ba, don a shekarar mutane sun sayi mota kafin su koyi tuƙi. Wani sabon ɗan kwangila ya kifar da a-kori-kura 'yar Faransa a hanyar Bauchi. Shi ya fita lafiya, jikin motar ya tashi aiki, injin kuwa ko wata huɗu bai yi ba. Muka ɗauko shi a amalanke. Na rataya sarƙa a reshen tsamiyar. Ku riƙe wannan: kada ku yarda ku rataya inji a mangwaro ko dalbejiya, reshensu yana karyewa ba sallama. Tsamiya takan yi ƙara ta gargaɗe ka kafin ta saki.

Da na sauke sabon injin cikin ramin tsohon, sai tambayoyi suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kuma gaskiya daɗinsu nake ji. Ƙafafun injin ba su faɗa inda na da suke ba, sai da mai walda ya ƙera wasu. Salansa ta fito daidai inda sandar sitiyari ta bi, don shi injin an yi shi ne domin mota mai sitiyari a hagu, sai da muka gasa bututu muka lanƙwasa shi ya kewaye. Batir ma da nasa. A tsohuwar motar Ingila jar waya ake ɗaure wa jikin mota, a ta Faransa baƙa. In ka manta, hayaƙi zai tuna maka. Mutanen ƙasa biyu, kowa ya zauna ya yi tunaninsa daban a kan abu guda, ni kuma ina tsakiya ina sasanta su a ƙarƙashin tsamiya. Bappa yana kan tabarma kullum yana kallo. A lokacin in noti ya faɗi cikin yashi, shi yake riga ni gani.

Babban aikin shi ne aurar da inji da giyabos. Bappa ya ce giyarsa ba za a taɓa ba, hannunsa ya san ta. To, bayan injin Faransa da bakin giyabos ɗin Ingila ba su san juna ba. Ramukan notunansu ba ɗaya ba ne, ko kusa. Maganin shi ne a yanko faranti na ƙarfe mai kauri a sa a tsakani, a huda masa ramuka kashi biyu, kashi ɗaya na inji, kashi ɗaya na giyabos, tsakiyarsu kuma ta zo daidai ko gashi babu. A Gombe a lokacin ba ni da wanda na yarda da injinsa a kan wannan aiki. Sai Jos, wurin wani dattijo mai injin sassaƙa ƙarfe.

Yadda muke ɗaukar awo a da, takardar buhun siminti muke samu. Ka manna ta a fuskar ƙarfen, ka dangwali baƙin mai da babban yatsa ka bi kana murzawa, sai kowane rami ya fito da'ira a jikin takarda. Na yi wa bayan inji, ta fito tsaf. Na yi wa bakin giyabos da wata takardar, ita ma tsaf. Na shimfiɗa su a kan tabarma, ɗaya a kan ɗaya, na daidaita tsakiya, na huda ramukan duka a takarda guda da ƙusa. Na naɗe na hau mota zuwa Jos ina jin kaina.

Dattijon ya ce sai na yi haƙuri. 'Yan kwangila sun cika masa shago da aikin tifa da injin kwaɓa siminti, kowa yana rantsuwa nasa ne na gaggawa. Mako bakwai farantin ya yi kafin ya iso. Ranar da na shigo da shi gidan, na yi sallama, Bappa ya ɗago kai ya ce, "Wane ne?" Sai da na ƙara magana ya gane ni. Amma har lokacin yana ganin motar, yana ganin ƙofa, yana bambance mutum da bango.

Na ɗora farantin a bayan inji. Notuna suka shige kamar an shafa musu man shanu. Na turo giyabos, rami ɗaya ya kama, sauran suka ƙi. Na cire, na kai shi bakin giyabos shi kaɗai, na juya shi ta ɗaya fuskar, sai ga shi ya hau daidai. Na mayar wa inji a haka, ya ƙi. Kun ji abin mamaki? Ya dace da inji, ya dace da giyabos, amma ba zai ɗauke su tare ba. Tun hantsi nake juya ƙarfen nan har aka kira la'asar. Na fara zagin mutumin Jos, na ce gobe zan hau mota in je in jefa masa abinsa a ƙafa.

Bappa ya ce, "Kawo takardar awon." Na ba shi wadda aka dawo mini da ita. Ya ɗora ta a kan farantin, ya bi ramukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Mutumin nan abin da ka kai masa ya yi. Gaya mini yadda ka haɗa takardun biyu."

Na gaya masa.

Ya ce, "Duk biyun fuskar da ka murza wa mai tana kallon sama?"

Na ce i.

Sai ya ce in miƙo hannuwana. Ya kama su ya haɗa tafi da tafi. "Ina manyan yatsunka?" Na ce ga su tare. Ya buɗe su ya kwantar a kan tabarma, tafi yana kallon sama. "Yanzu fa?" Ɗaya ya kalli gabas, ɗaya ya kalli yamma. Ya ce, "Inji da giya fuska da fuska suke haɗuwa, kamar masu gaisawa. Kai kuwa ka kwantar da su rigingine su biyu. Da ka kifa ɗaya a kan ɗaya."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Shekara shida a hannun Oga, kuma direba mai rabin ido ne ya nuna mini da tafin hannuna. Na duba ko za a sake huda farantin a nan gida, amma sababbin ramukan za su ci bakin tsofaffin, ƙarfen ba zai riƙe ba. Dole sabo. Na sake awo, na kifa takarda a kan takarda, na rubuta a jikinta da manyan baƙaƙe wace fuska ce ta inji. Na koma Jos na roƙi dattijon har da durƙuso. Ya tausaya, amma ƙarfe mai kaurin ya yanke a kasuwa, 'yan kwangila sun kwashe. Wata biyu da kwanaki aka ƙara.

A cikin watannin nan kullum sai na je gidan, ina gyara birki, ina wanke tankin mai, ina neman abin da zan yi da hannuna. Ina kallon idon yana tafiya. Da farko ya daina zuwa masallaci shi kaɗai. Daga baya sai da aka ɗaura masa igiya daga ƙofar ɗakinsa zuwa tsamiya. Ranar Juma'a yakan goge motar da lalube. Bai taɓa tambayata saura kwana nawa ba, kuma wannan ya fi mini zafi a kan ya zage ni.

Faranti na biyu ya zo ana tsakiyar zafin bazara. Ya hau inji, giyabos ya matso ya zauna, notuna goma sha ɗaya suka shige da yatsa kafin in sa sufana. Kwana huɗu bayan haka na murza makulli. Ta yi tari biyu ta kama. Kajin gidan suka watse.

Bappa ya dafa madigadi yana saurare, ya karkatar da kai. Can ya ce, "Ba muryarta ba ce. Wannan yarinya ce, tana magana da sauri." Ya ƙara saurarawa. "Amma lafiyarta lau. Rage mata iska kaɗan." Na taɓa kafireto, ya ɗaga hannu ya ce ya isa. A ranar ko fitilar motar aka kunna masa a fuska, haske kawai yake ji.

Na ce, "Bappa, ni zan tuƙa ku, kai da Dada ku zauna a baya."

Ya ce, "Ni ba Bature ba ne."

Nan inda muke zaune yanzu, Tumfure, duk gonaki ne a lokacin. Akwai wata gonar auduga da aka tuge aka share, ƙasa ta bushe ta yi tauri, fili fetal sai wata kuka guda a gefe. Can na kai su da safe. Dada ta fito da wani zane da na ga alamar ninkin akwati a jikinsa, lalle a hannu. Adda Hajara ta buɗe mata gidan baya, ita kuma Hajara ta tsaya a inuwar kuka. Na zagaya na zauna a gefen direba, hannuna kusa da birkin hannu.

Bappa ya shafa sitiyari, ya gyara zama, ya taka kuloci ya sa giya ba tare da ko ƙas ba. Muka tashi sumul. Ni kuma na fara, "Dama, Bappa. Dama kaɗan. A'a, hagu. Yi hankali."

Ya taka birki. Ya ce, "Hamisu, surutunka ya hana ni jin inji. Ban san muryarta ba tukuna, dole in saurara kafin in san lokacin canja giya. Yi mini shiru."

Na ce, "To wa zai nuna maka hanya?"

Dada ba ta taɓa yi wa mijinta magana a gabana ba, wata shida ina shiga gidan. Irin kunyarsu ke nan. Sai na ga hannu mai lalle ya fito daga baya ya sauka a kafaɗarsa ta dama, ya ɗan danna. Bappa ya saki kuloci ya karya dama. Hannun ya koma kafaɗar hagu, ya karya hagu. Ta ɗora tafi a tsakiyar bayansa, ya miƙe. Ya saurara, ya sa giya ta biyu. Ya saurara, ya sa ta uku. Iska ta fara shigowa ta taga. Na janye hannuna daga birki na ɗora a cinya.

Sau uku suka zaga gonar. A na ukun ta bi da shi ta gaban kukar, ta danna kafaɗun biyu tare, ya tsaya daidai ƙafar 'yarsu. Ya kashe mota. Inji yana ƙas-ƙas yana hucewa.

Ba tare da ya juya ba ya ce, "To, yaya gidan baya?"

Dada ta gyara mayafi. A hankali ta ce, "Da laushi. Ashe shi ya sa mutumin naka bai taɓa sauka ya taya ka turi ba."

Bappa ya yi dariya har da hawaye. Da ya goge ido sai ya ce, "Hamisu, an ce auduga aka cire a nan. Ƙasar ja ce ko baƙa?"

Na ce ja ce.

Ya ce, "Haka na zata."

Wannan ita ce kaɗai maganar da ya taɓa yi da ta kusanci ƙorafi. Amma ni na iya lissafi. Ranar da farantin farko ya zo yana ganin ƙofa, yana ganin mota. Da na kifa takardar nan, da ya ga jar ƙasar da idonsa.

Nura, buɗe akwatin ƙarfen can, ƙarƙashin sufanun inci. Takardar da ke naɗe, ita ce ta farkon, mai kuskuren. Yi hankali, ta tsufa. Ɗauki sarƙar, ɗauki takardar ma, ka manna ta a bango inda za ka yi aikin. Ka ce kakan naku shekararsa tamanin da nawa?